Mai lilo, mai juyawa ko mai faɗuwa: wane ƙarfe za ka kafa don koyon saiti?

Duk wanda ya fara koyon saiti da ƙaramar bindiga a gona, da gwangwanin madara ko kwalin taliya ya fara. Kwali sai ka taka ka je ka duba inda ka samu, ka dawo, ka sake komawa. Gwangwani kuwa harbi kaɗan ya huje ya zama shara. Shi ya sa ake komawa ga ƙarfe, mai ba ka amsa kana tsaye inda kake: ko ya yi ƙara, ko ya juya, ko ya kife. Sai dai ƙarfe ba ya haɗiye harsashi yadda ƙasa ko buhun yashi ke yi. Dalmar da ta dake shi dole ta nufi wani wuri, kuma a ganina inda take nufa ɗin nan ne ya kamata ya raba gardama tsakanin wannan iri da wancan, kafin a zo maganar kyau ko araha.

Da mai takardar lasisi nake magana. Dokar makamai ta Najeriya, ta 1959, ta sa bindigar iska a aji ɗaya da bindigar farauta, dukkansu sai da lasisi daga babban sufeton 'yan sanda, bindigar toka kuma tata takardar a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha take. Ko da takardarka a aljihu, a wannan zamani da ƙarar bindiga ke tayar da gari, ka shaida wa dagaci da 'yan sintiri ranar da za ka fita da kuma inda za ka tsaya.

Bindigar da ke hannunka ita ce farkon tambaya. Ta iska, irin wadda ake karyawa a ɗana, tana jefa ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5; ƙaramar nauyinta wajen rabin giram, babbar wajen giram ɗaya. Mai harsashin .22 LR kuwa albarushi ke tura ta, dalmarta ta haura giram biyu da rabi, tana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, dukanta ya ninka na galibin bindigogin iska sau biyar zuwa goma. Abin da aka ƙera domin ɗaya ba ya yi wa ɗayar. Ka harbi ƙarfen bindigar iska da .22 LR, zai loɓa ko ya huje. Ka harbi na .22 LR da bindigar iska marar ƙarfi, ba zai ko motsa ba, kuma nan ne haɗarin da mutane ba sa zato yake: ƙwayar da ba ta zo da ƙarfin da za ta farfashe ba, tsalle take yi ta dawo da jikinta. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe da wasu bindigogin yara ke jefawa ba a harba su kan ƙarfe ko kaɗan, domin ba sa fashewa, dawowa suke yi kai tsaye. Haka bindigar toka da aka ɗura wa boris ko guntun rodi. Wannan ko kusa da farantin ƙarfe kada a kai ta.

Mafi sauƙi a cikinsu shi ne faranti mai lilo. Shafaffen ƙarfe ne zagayayye, a rataye a jikin sanda, ba hinji ba sifirin. Ka same shi ya yi ƙara kamar ta rim ɗin motar da ake bugawa a firamare lokacin tashi, ya yi baya, ya dawo mazauninsa. Wannan bayan da yake yi shi ne rabin amfaninsa, domin yana shanye wani ɓangare na dukan, kuma yana karkatar da fuskarsa ƙasa daidai lokacin da dalmar ke tarwatsewa. Idan aka rataye shi ta baya yadda kansa zai ɗan rinjayo gaba, wajen digiri 15 zuwa 20, kusan duk ɓarɓashin ƙasa yake bi. Bayan harbi talatin ko arba'in ka je ka tsuguna a gindinsa. Za ka ga wani siririn layi ya tsaga yashi daga hagu zuwa dama, daidai ƙarƙashin farantin, cike da ɓarɓashin dalma mai ƙyalli da 'yan ƙwayoyin da suka baje suka zama falle. Layin nan shi ne shaidar cewa rataya ta yi daidai. Yana kuma nuna maka cewa ɓarɓashi gefe da gefe yake fita, saboda haka ba a tsayawa a gefen faranti, ba a ɗaure akuya a wurin, ba a jingine babur.

Abin ratayar ma akwai zaɓi. Sarƙa ta fi fitar da ƙara, amma harsashi ɗaya in ya sami gaɓa ya tsinke ta, kuma gaɓar zagayayya ce, ba ka san inda za ta kautar da dalma ba. Tsohon bel na injin niƙa ko yankin taya ya fi mini. Harsashi ya ratsa shi ya wuce, bel ɗin na nan, sai dai ƙarar tana ɗan dushewa. Noti ɗaya mai zagayayyen kai marar tudu ya isa ya haɗa su, kan ta gaba, sauran ta baya. Sandunan da ke riƙe da shi in na itace ne ɓarɓashi zai cinye su a hankali, don haka a buɗa ƙafafun su yi nesa da farantin.

Rauninsa shi ne yana yi wa mai harbi ƙarya mai daɗi. Farantin da faɗinsa ya kai santimita 20, a mita 25, ko gefensa ka goga zai yi ƙara, ka ji kamar ka iya. Maganin abu biyu ne: fenti da rage girma. Ka shafa masa farin fenti, kowane duka zai bar tabo mai launin toka da za ka hango, in ya cika ka sake shafawa. Sannan ka sa a yanko maka uku, na santimita 10, na 7 da na 4, ka riƙa sauka. Don ka san inda ma'aunin duniya yake, a gasar biyatalon, wadda ake haɗa gudun kan ƙanƙara da harbi, da .22 LR ake harbi a mita 50, abin da ake nema a kwance faɗinsa milimita 45 ne, a tsaye kuma 115.

Mai juyawa shi ne wanda aka fi gani a hotunan 'yan kasuwar intanet. Firam ne na rodi da ake cakawa a ƙasa, da sanda a gicciye, da cokula biyu a jikinta, babba a ƙasa ƙarami a sama. Ka sami ɗaya ya wulwula ya koma tsaye da kansa. Ga bindigar iska da wuya a sami abin da ya kai shi nishaɗi: ba nauyi, yana shiga jaka, ba komawa gyara, kuma cokulan ƙanana ne, santimita 2 zuwa 5, ba sa yi maka ƙaryar da babban faranti ke yi. Ido ke ganin amsarsa, ba kunne ba, wanda ya dace da bindigar iska tunda dukanta ba ya fitar da ƙara sosai daga nesa.

Amma ta fuskar inda dalma ke nufa, bai kai mai lilo ba. Cokalin ƙasa in an dake shi baya yake yi ya kalli ƙasa, wannan lafiya lau. Na sama kuwa in ya yi baya, sama yake kallo, sai ɓarɓashi ya tashi. Kuma firam ɗin kansa, da sandar gicciye, da tudun walda, duk zagayayyun abubuwa ne da ke kewaye da ɗan ƙaramin abin da kake nema, kuskure kaɗan su za ka daka. In yana cikin juyawa kada ka sake harbi sai ya tsaya. Ga kuma matsalar ƙasarmu: da rani a ƙasar laka ƙafafun ba sa shiga sai an zuba ruwa, a yashin jigawa kuma suna shiga amma harbi goma ya karkace. Na fi son a walda masa faffaɗan gindi a ɗora buhun yashi a kai, buhun ya kuma kare gindin.

Masu faɗuwa kashi uku ne, kuma bambancinsu ya fi kamanninsu yawa. Akwai wanda ake ajiyewa kawai a kan katako, ka same shi ya kife. Asalin wannan wasa daga Meziko ne, inda ake yanka ƙarfe a siffar kaza, alade, talotalo da rago, masu .22 suna jera su a mita 40, 60, 77 da 100, kuma ba a ƙirga maka sai ya faɗi. Ba wanda ya ce dole sai ka yanka alade, zabo ma ya yi, zagaye ko murabba'i ma sun yi. Wannan shi ne mafi araha a duka, domin ragowar yanke-yanken mai walda ya isa. Kuɗinsa a ƙafa ake biya: kowane zagaye sai an taka an tayar. A nan ne kuma ake yin gangancin da na fi tsoro, a tura yaro ya je ya tayar alhali bindiga na hannun wani. In za a je wurin, a karya bindiga ko a buɗe ta a ajiye, kowa ya gani.

Kashi na biyu mai hinji ne da igiya, ka kayar ka ja ya miƙe. Wanda ya fi shahara a ciki ya fito ne daga gasar bindigar iska da aka fara a Ingila a farkon shekarun 1980: falle ne mai rami a tsakiya, faɗin ramin daga milimita 15 zuwa 40, da cokali a bayansa. Sai ƙwayarka ta ratsa ramin ta daki cokalin sannan duk abin ya kife. Ka daki fuskar, ba abin da zai faru. A wajen koyar da saiti na gaskiya babu kamarsa, ba ya karɓar "saura ƙiris". Sai dai yana son lallaɓa. Dole a kafa shi a daidaitacciyar ƙasa, in ya karkata ko ya ƙi faɗuwa ko iskar hunturu ta kayar da shi ba harbi. Ƙura tana cika hinjin, in ka sa giris ƙurar ta manne ta zama laka, gara ka goge shi a bushe ka ɗiga mai kaɗan. Igiyar mita 30 ko 40 kuma tana sarƙewa a kututturen kara, in ka bar ta a gona ka kwana akuya ta gama da ita. Fuskar da ke kewaye da ramin ma tsaye take, ba ta motsi, ita ke shan yawancin dukan mai koyo, don haka ta bindigar iska ce kawai, kuma kada a matso da ita ƙasa da mita 10.

Na uku shi ne mai tayar da kansa: cokula huɗu a jere, ka harbe su ɗaya bayan ɗaya su ɗaga, ka harbi na biyar su dawo. Yana da daɗi a makon farko. Amma ƙarfensa yawanci siriri ne, aikinsa ya rataya a kan ɗan sifirin ko ma'auni, in ya lanƙwashe kaɗan ya daina komawa, kuma gyaransa yakan gagari mai waldan ƙauye ba don rashin iyawa ba, sai don abin ba a yi shi don gyara ba. Ban ga dalilin biyan kuɗin dala da na dako a kansa ba.

Akwai kuma na takara: doguwar sanda a tsaye, cokula a hagu da dama, ka daki naka ya koma ɓangaren abokin karawarka, wanda ya fara kwashe nasa ya ci. In ku ƙungiya ce, kuna haɗuwa ranar hutu, ya cancanci a yi karo-karo. Mutum ɗaya ba ya buƙatarsa. Yana da nauyi, yana da tsada, kuma in ba a rinjayar da shi gaba daidai ba cokulan sai su tsaya a tsakiya.

Wanda ba a cika kulawa da shi ba, kuma ya fi dacewa da mai harbi kusa da gida, shi ne akwatin kama dalma. Akwatin ƙarfe ne buɗaɗɗe ta gaba, bayansa a karkace, yashi a ƙasansa. Ana manna takarda a bakinsa ko a rataye ƙananan cokula a ciki. Duk abin da ya shiga ba ya fita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da kaji ke tsattsaga, yara ke rarrafe. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadiyyar ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje. Ɓarɓashin harbi bai kai wancan yawa ba, amma dalmar ɗaya ce, kuma tana da ƙyallin da ke jan hannun yaro zuwa baki. Ko faranti mai lilo ne, ka shimfiɗa tsohon buhu a gindinsa ka tattara, kada ka kafa shi a kan kunyar da za ka shuka alayyafo ko kusa da rijiya, ka kuma wanke hannu kafin ka ci goro.

Sai maganar ƙarfen kansa, inda aka fi asarar kuɗi. 'Yan kasuwar waje suna yawan ambaton AR500. Ƙarfe ne da aka gasa aka taurara, lambar tana nuna taurinsa a ma'aunin Brinell, wajen 500, alhali fallen ƙarfen da ake ƙofa da tankin ruwa da shi bai wuce 120 zuwa 160 ba. Irinsa ne Hardox na kamfanin SSAB na Suwidin, wanda ake shimfiɗawa a bodin tifa da cokalin katafila. Ga bindigar iska, wannan ɓarnar kuɗi ce. Ƙarfe na yau da kullum mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wanda za ka samu a Ƙofar Ruwa ko wajen kowane mai walda a Wudil, Ringim ko Gumel, ya ishe ta shekara da shekaru. Ga .22 LR mai dalma zalla, na yau da kullum mai milimita 6 yana ɗauka, amma a hankali fuskarsa tana yin ƙananan ramuka yana kuma lanƙwashewa. Taurararre mai milimita 6 ba ya nuna komai sai tabon fenti. In kuwa harsashinka mai gudu ne sosai, irin .22 Magnum ko .17 HMR, taurararren ya zama dole, domin gudu ne ke cin ƙarfe fiye da nauyi. Ƙara kauri ba ya maye gurbin tauri. Faranti mai faɗin santimita 20 da kaurin milimita 6 nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi ne, mai milimita 10 kusan biyu da rabi. Na biyun ya fi wuyar ɗauka, ya fi ƙin lilo, ƙararsa ta fi mutuwa, kuma in mai taushi ne ramukan na nan zuwa.

Ramin nan shi ne abin gudu. Shafaffiyar fuska tana baje dalma ta watsa ta gefe; rami yana tattara ta ya juyo da ita. Shi ya sa kayan 'yan gwangwan, duk da araharsu, yawancinsu ba su yi ba. Rim, tukunyar gas, faifan garma, bakin shebur, duk a lanƙwashe suke. Faifan birki zubin ƙarfe ne mai gautsi, tsagewa yake yi ya watso gutsattsari. Sifirin mota yana da tauri amma siriri ne mai baka. Ko fallen bodin tifa da aka cire, in ya sha duwatsu ya yi tudu da kwari, ya tashi daga aiki. In mai sayarwa ya rantse maka cewa nasa taurararre ne, ka goga magagari a gefensa: mai taushi za ta kama shi ta ci, mai tauri za ta zame.

Wajen mai walda kuma sai ka tsaya a kansa, domin abin da ya saba shi ne ƙarfafa aiki, kai kuma santsi kake nema. Zai ce maka, "Alhaji, bari in ɗiga masa wuta ta gaba, ya fi riƙewa." Ka ce, "A'a Malam, gaban nan ko ɗigo kada ya gani, duk abin da za ka yi ka yi ta baya, in ka gama ka bi bakin da giranda." In taurararre ne ma kada a walda shi sam, zafin yana kashe taurin wurin da ya taɓa, yankan wutar gas ma haka yake yi wa baki. Hudar noti ɗaya kawai yake buƙata, kuma gara ka saye shi da hudarsa, domin ba kowane bakin direla ke cin sa ba.

Duk wanda ka zaɓa, tazara da abin da ke bayansa ba sa canjawa. Bindigar iska kada ta matso ƙasa da mita 10, .22 LR kuma ni ba na sauka ƙasa da mita 25. Tabarau na kariya ga mai harbi da duk ɗan kallo. A bayan ƙarfen a sami gangaren ƙasa mai taushi da ya fi mutum tsawo, irin bangon busasshen kududdufi ko tudun yashi. Ba dutse ba, ba marmara ba, ba ruwa ba, domin duka ukun suna sa harsashi ya zame ya tashi. Mutanen Dutse, Kazaure da Birnin Kudu su fi kowa kula da wannan. Kwalin .22 LR da kansa yana gargaɗin cewa yana iya kaiwa mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita biyu ke nan, kuma bayan girbi babu gonar da za ka rantse ba makiyayi ko mai tsintar kara a bayanta.

To, wanne za a ɗauka? Mai bindigar iska da ke harbi a bayan gida, akwati mai cokula a ciki, ko da bai kai sauran armashi ba. In gona yake fita, mai juyawa ɗaya na ƙarfen gida, in hannu ya fara zama ya ƙara mai rami da igiya. Mai .22 LR ya haƙura da duk masu hinji da sifirin, ya sa kuɗinsa a taurararrun faranti biyu masu milimita 6, babba da ƙarami, a rataye da bel. Takardar da ake harbi kuma ba ta fita daga jaka, domin duk ranar da aka taɓa madubin saiti ko aka canja ƙwaya, ita kaɗai ke nuna inda harbi biyar suka taru. Kafin kowane zama a shafa fuskar ƙarfen da tafin hannu. In ya fara baka a juya shi a harbi ɗaya fuskar, in yatsa ya faɗa rami a mayar wa 'yan gwangwan.